Daga Nokia Zuwa Tecno: Yadda Sarautar Wayar Hannu Ke Sauya Gida

Duk wanda ya taɓa bi ta Tip Toe Lane da ke Circle a birnin Akara, ko kuwa PZ ta Adum a Kumasi, ya san irin kiran da ake yi wa mai wucewa. Wannan ya ce, "Alhaji, zo ka ga sabon kaya," wancan ya tare gabanki ya ce, "Hajiya, wannan ko ruwa ta faɗa babu abin da zai same ta." Kowa da wayar da yake rantsuwa babu kamarta. A majalisun shayi na Nima da Aboabo kuwa, gardamar 'yan iPhone da 'yan Samsung ta kusa kamo ta Hearts of Oak da Kotoko zafi, har ka ji yaro yana kare kamfanin da bai san da zamansa a duniya ba kamar yana kare gidansu.

To, jama'a masu karatu, tun da kuɗinmu ne ke tafiya, ya kamata mu ɗan waiwaya mu ga yadda wannan kokawa ta faro, da kuma abin da ke ɗaure mutum ga waya iri ɗaya shekara da shekaru.

Manya daga cikinmu ba su manta da zamanin Nokia ba. Kamfanin ƙasar Finlan ne, kuma a 1998 ya zama na kan gaba a duniya wajen sayar da wayar hannu. Nokia 3310 da ta fito a shekarar 2000 an sayar da fiye da miliyan 120, ita kuwa Nokia 1100 mai tocila, ta 2003, ta haura miliyan 250. Waya ce da za ta faɗi ƙasa ta rabu uku, ka tsince ta ka haɗa ka ci gaba da magana, caji ɗaya kuma ya kai ka kwanaki. A ƙarshen 2007, cikin kowace waya goma da aka saya a duniya, huɗu na Nokia ne. In da a lokacin wani ya ce wannan kamfani zai rasa kasuwarsa cikin shekara shida, da an ce ya sha wani abu.

Amma a cikin wannan shekara ta 2007 ɗin ne Steve Jobs na kamfanin Apple a Amurka ya fito da iPhone, waya marar madannai, sai gilashin da ake shafawa da yatsa. A 2008 Apple ya buɗe rumbun manhajoji, wato wurin da kowane mai basira zai ƙirƙiri manhaja ya kai ta a saya, kuma a shekarar ce wayar farko mai tsarin Android na kamfanin Google ta shigo kasuwa. Daga nan ma'anar waya ta canja. Da can ana tambaya ne ko tana da ƙarfin jiki da ƙarfin batir, sai aka koma tambayar me da me za ta iya ɗauka. Nokia ya tsaya kan tsohon tsarinsa na Symbian, da ya ga ruwa ya kai wuya a 2011 sai ya rungumi tsarin Windows na Microsoft maimakon Android, masu ƙirƙirar manhaja kuwa ba su bi shi can ba. A 2012 Samsung na Koriya ta Kudu ya karɓe kambun, a 2014 kuma Nokia ya miƙa sashen wayoyinsa ga Microsoft kan kuɗi yuro biliyan 5.4. Miliyoyin masoyan nan da ke rantsuwa da Nokia, ko ɗaya bai tsaya ya yi zaman makoki ba.

Labarin BlackBerry na ƙasar Kanada ya fi wannan ban tausayi. Akwai lokacin da saurayi in ba shi da lambar BBM, to bai cika ɗan birni ba. Abin da ya riƙe mutane shi ne hirar BBM ɗin, domin sai mai BlackBerry ne ke iya shiga. Da WhatsApp ya zo yana aiki a kan kowace irin waya, sai katangar ta rushe. Kamfanin ya buɗe BBM ga sauran wayoyi a 2013, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, a 2016 ya daina ƙera waya da kansa.

Shari'ar Shekara Bakwai

Da fagen ya rage saura Apple da Samsung, sai rigima ta koma gaban alƙali. A watan Afrilu na 2011 Apple ya kai ƙara a Amurka cewa Samsung ya kwaikwayi siffar iPhone da iPad a wayoyinsa na Galaxy, tun daga lanƙwasar kusurwoyi har jerin alamomin da ke kan gilashi. A 2012 kotu ta ce Samsung ya biya diyyar fiye da dala biliyan 1. Aka yi ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, aka rage, aka sake lissafi, a watan Mayu na 2018 aka tsaya kan dala miliyan 539, bayan wata guda kuma suka sasanta a tsakaninsu. Abin dariyar shi ne, duk tsawon wannan shari'a Samsung na sayar wa Apple kayan haɗa waya, har gilashin iPhone X ta 2017 daga wurinsa ya fito. Wato yaran da ke neman dambe a majalisa saboda waɗannan kamfanoni biyu, iyayen gidan nasu suna ciniki da juna hankali kwance.

Gaskiya dai gasar ta amfani mai saye. Samsung ya fito da waya mai faɗin gilashi, Galaxy Note, a 2011, aka yi ta yi masa dariya wai kamar mutum ya kara faranti a kunne, sai ga Apple ya biyo sahu a 2014. A ɓangaren kwamfutar allo, wato wadda ake riƙewa kamar allon makaranta, iPad ta 2010 ce ta buɗe hanya kuma har yau ita ke kan gaba, sai dai yadda wayoyi suka yi ta ƙara faɗi ya rage wa allon kasuwa a wurin talaka. A nan ƙasar an fi ganinsa a hannun ma'aikata da 'yan makaranta, kamar lokacin ƙidayar jama'a ta 2021 da aka yi da shi, da kuma shirin raba wa ɗaliban sakandare da gwamnati ta ƙaddamar a 2024.

Wanda Ya Zo Ya Zauna Da Mu

Yayin da manyan nan biyu ke kallon Amurka da Turai, wani kamfanin ƙasar Sin da aka kafa a 2006, mai suna Transsion, ya juyo ya fuskanci Afirka. Mutane da yawa ba su san sunan ba, amma sun san 'ya'yansa: Tecno da itel da Infinix. E, uwa ɗaya ce ta haife su, don haka mai Infinix da ke yi wa mai itel gori, aljihu ɗaya suke zuba wa kuɗi.

Dabarar wannan kamfani ba ta da wani sirri. Ya lura cewa ɗan Afirka na yawo da layi biyu ko uku, saboda kiran layin wani kamfani ya fi tsada, kuma inda wannan ke kamawa wancan ba ya kamawa, sai ya cika kasuwa da waya mai cin layi biyu, wasu ma har huɗu. Ya lura da matsalar wutar lantarki, ya sa batir mai daɗewa, kuma duk wanda ya ga dumsor na 2015 ya san darajar wannan. Ya gyara kyamararsa yadda za ta fito da fuskar baƙar fata sarai ko da haske bai wadata ba, abin da manyan kamfanoni suka daɗe ba su damu da shi ba. Ya sa harsunan gida a wayoyinsa, ciki har da Hausa da Amharik da Suwahili, ya kafa masana'anta a Habasha a 2011, ya buɗe wuraren gyara na Carlcare a birane. Sannan ga sauƙin kuɗi. A 2017 ya wuce Samsung wajen yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka, kuma a 'yan shekarun nan kusan rabin wayoyin shafawa da ke shigowa nahiyar nasa ne.

Ba a ce ba shi da tabo ba. A 2020 wasu masu binciken tsaron waya sun gano muguwar manhaja a cikin dubban wayoyin Tecno W2, wadda ke cinye wa mutane kuɗi a ɓoye, kuma Ghana na cikin ƙasashen da aka ambata. Kamfanin ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta fito, kuma ya fitar da gyara. A ganina dai, abin da ya yi na sauraren mai saye shi ma ƙirƙira ce, ko da ba a yi mata bikin da ake yi wa sabuwar iPhone.

Me Ya Ɗaure Ka?

In ka tambayi mai iPhone dalilin da ya sa ba ya canjawa, zai ce inganci. Akwai gaskiya a ciki, amma akwai kuma igiyar da ba a gani. Hotunansa na ajiye a rumbun Apple, manhajojin da ya saya ba za su bi shi zuwa Android ba, agogonsa na Apple ba ya aiki da wata waya. Har zuwa 2021 da 2022, ko tsofaffin hirarrakin WhatsApp babu hanyar da kamfanin ya tanada ta kwashe su daga wannan tsari zuwa wancan. Ko bakin caja ma Apple ya riƙe nasa daban, sai da Tarayyar Turai ta kafa doka sannan iPhone 15 ta 2023 ta zo da irin na kowa.

Huawei ya nuna mana inda amanar mai saye take. A tsakiyar 2020 ya taɓa zama na ɗaya a duniya, amma takunkumin da Amurka ta sa masa tun 2019 ya hana sababbin wayoyinsa zuwa da manhajojin Google. Kyamarar na nan da kyanta, sunan na nan, amma a wajen ƙasar Sin masu saye suka watse. Samsung kuwa, da batirin Galaxy Note 7 ya riƙa kamawa da wuta a 2016 har aka hana shiga jirgin sama da ita, ya janye ta, jama'a suka ci gaba da sayen sauran wayoyinsa, domin abin da suka saba da shi na nan a ciki.

Inda abin ya fi shafar mu a zango shi ne kasuwar kwancen Turai. Yaro zai tara kuɗin wata da watanni, wani ma har da bashi, ya sayi tsohuwar iPhone don a gan shi da tambarin tuffa a wurin biki. Sau da yawa batirin ya riga ya gaji, in gilashi ya fashe kuɗin gyara ya kusa sayen sabuwar itel. Wata kuma a kulle take da asusun mai ita na farko, kuma tun 2013 Apple ya sa wannan kulle yadda in babu kalmar sirrin mai ita, wayar ba ta da amfani sai dai a sayar da kayan cikinta. Ga kuma maganar tsufa: a 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 5s da 6 da 6 Plus, saboda ba sa iya ɗaukar sabon tsari. Masu arha na Android ma suna da tasu matsalar, domin yawancinsu ba sa daɗewa ana aiko musu da gyaran tsaro, alhali Samsung ya yi alkawarin shekara bakwai ga Galaxy S24 ta 2024. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga 'yar kasuwar da jarinta ke cikin MoMo.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka je Circle ko Adum, kafin ka ƙirga kuɗi ka sa a goge wayar a sake kunna ta a gabanka, ka shigar da asusunka da hannunka. Ka duba lafiyar batir, ka tambayi shekarar da aka ƙera ta, ka sa layinka ka yi kira. Sannan ka leƙa wurin mai gyaran unguwarku ka ji nawa yake sa gilashin irinta, kuma ko ana samunsa a garin ko sai an aiko daga Akara.