Guguwar Ian da Sauyin da Ta Kawo wa Garin Fort Myers Beach

Fort Myers Beach ƙaramin garin shaƙatawa ne a jihar Fulorida ta Amurka. Yana kan tsibirin Estero, wani siririn tudun rairayi mai tsawon kilomita 11 a gaɓar Mashigin Tekun Meziko. Mazaunansa na dindindin ba su kai 6,000 ba, amma da hunturu yakan cika maƙil da baƙi masu gudun sanyin arewacin Amurka da Kanada. An san shi da ƙananan gidajen katako, da gidajen abinci na bakin ruwa, da masunta masu kamun jatan lande, da tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya suka tare a can. Haka yake har ranar 28 ga Satumba, 2022, da mahaukaciyar guguwa mai suna Ian ta auka masa.

Tushen irin wannan guguwa yana Afirka ta Yamma. Manoman Dogon Dutsi da Tibiri a Nijar sun san hadarin damina daga gabas yake tasowa, ya zubar da ruwa, ya yi yamma. Hadarin yana tafiya ne tare da wata kaɗawar iska da ke ratsa Sahel duk bayan kwana 3 zuwa 5, har ya faɗa Tekun Atlantika ta wajen Senegal da Gini. Mafi yawansa a nan yake mutuwa. Wanda ya dace da ruwan teku mai ɗumin da ya haura digiri 26 kuwa, sai ya riƙa zuƙar tururi, yana juyawa, yana ƙara ƙarfi. Iskar da ta zama Ian ta bar gaɓar Afirka a tsakiyar Satumba, ta haɗu ta zama guguwa a Tekun Karebiya, ta bugi yammacin Kuba ranar 27 ga wata har wutar lantarki ta ɗauke a ƙasar baki ɗaya. Washegari ta sauka a tsibirin Cayo Costa, arewa maso yamma da Fort Myers Beach, da iska mai gudun kilomita 240 a sa'a.

Iskar ta yi ɓarna, amma ruwa ne ya gama da garin. Guguwar ta tunkuɗo teku kan tudu, ruwan ya yi tsayin da ya kai mita 4 da rabi a wasu wurare, alhali tsibirin Estero da kaɗan ya ɗara teku tsayi. Gine-gine kusan 900 suka rushe baki ɗaya a garin, wasu kimanin 2,200 suka lalace. Doguwar gadar kamun kifi da ta miƙa cikin teku ta tafi, sai ginshiƙanta. Jiragen masunta na tsibirin San Carlos da ke maƙwabtaka suka hau tudu, wani kan wani. Gadar da ta haɗa tsibirin Sanibel, shi ma maƙwabci, da sauran ƙasa ta yanke. Mutane 72 suka mutu a gundumar Lee, inda garin yake, da yawansu tsofaffi ne da ruwa ya ci. An ba da umarnin ficewa kwana ɗaya kacal kafin saukar guguwar, abin da ya jawo wa hukumomi suka. Asarar da Ian ta haddasa a Amurka ta haura dala biliyan 110, mafi girma a tarihin Fulorida.

Babban sauyin ya zo ne wajen sake gini. Dokar tsarin inshorar ambaliya, wanda hukumar agajin gaggawa ta FEMA ke kula da shi, ta tanadi cewa idan kuɗin gyaran gida ya kai rabin darajarsa, dole a daidaita shi da ƙa'idar gini ta yanzu. A bakin teku, wannan na nufin ɗora gida a kan dogayen ginshiƙai, yadda ruwa zai wuce ta ƙarƙashinsa. Aiki ne mai tsada ƙwarai. Ga shi inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai wanda ya yanki ta ambaliyar daban. Masu zaman fansho da ƙananan 'yan kasuwa da yawa suka ga ba za su iya ba, suka sayar da filayensu suka bar tsibirin. Masu hannu da shuni da kamfanonin gine-gine suka saya.

Ta haka fasalin garin ya canja. Inda a da ake ganin jerin ƙananan gidaje, yanzu manyan gidajen kankare ne a sama, da kangayen da ke jiran mai saye. A watan Disamba na 2023 aka buɗe otal ɗin Margaritaville mai ɗakuna fiye da 250, wanda aka fara ginawa tun kafin guguwar. Masu aikin otal da gidajen abinci da dama kuwa sai daga wajen tsibirin suke zuwa, saboda haya ta fi ƙarfinsu. A 2024 guguwar Helene da ta Milton suka sake turo ruwa da rairayi cikin titunan garin, tsakaninsu mako biyu.

Nijar ba ta da teku, amma wannan tsari, na ruwa ya rushe gidan talaka ya kasa sake ginawa, ba baƙo ba ne a gare ta. Ambaliyar daminar 2024 ta kashe mutane kusan 400 a ƙasar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi. A garuruwan Dallol Mawri, inda koramu ke gangarowa daga duwatsu, gidan laka da ke kan hanyar ruwa shi ke fara faɗuwa, mai shi kuma shi ne ya fi rasa abin sake gini. Abubuwa uku ne ke rage wannan asara: gargaɗi da wuri wanda jama'a za su ji su yarda da shi, hana gini a kan hanyar ruwa, da tallafin da zai ba talaka damar yin gini mai ƙwari a wuri mai tudu. Inda aka tsaurara ƙa'idar gini ba tare da tallafi ba, gari yakan farfaɗo, amma a hannun waɗansu mutane daban.