Darduma da Tanti: Abin da ke Jan Baƙi Zuwa Ƙasar Farisa

Duk ɗalibin Hausa ya san kalmar ajami, amma ba kowa ya san cewa da can Larabawa na kiran wanda ba Balarabe ba da sunan "ajam", musamman mutanen Farisa. Farisa ita ce ƙasar da Salmanul Farisi ya fito, wadda tun shekarar 1935 duniya ta koma kiranta Iran. A wannan maƙala ina so in ja hankalin 'yan'uwana ɗalibai zuwa ga abubuwa biyu da masu yawon buɗe ido suke zuwa gani a can, wato sana'o'in hannu da kuma rayuwar makiyaya. A ganina ba a iya raba su, domin wani ɓangare babba na kayan da ake yabo a kasuwa, a ƙofar tanti aka yi shi.

Bari mu fara da birni. A Isfahan akwai wani makeken fili mai suna Nakshe Jahan, wanda Sarki Shah Abbas ya gina, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. Rumfunan masu sana'a sun kewaye shi. Akwai masu minakari, waɗanda suke zana furanni a kan kwanukan jan ƙarfe su gasa a wuta har launin ya yi ƙyalli kamar gilashi. Akwai masu kalamkar, waɗanda suke buga ado a kan yadin auduga da katakon da aka sassaƙa. Akwai kuma masu khatamkari, waɗanda suke haɗa siraran sanduna na itace da tagulla da ƙashin raƙumi, su yayyanka, su liƙa a jikin akwati. Mai karatu zai lura cewa "kalam" ɗin nan shi ne alƙalaminmu, "khatam" kuwa shi ne hatimi. Mu da su duk daga Larabci muka ara. Ni da a aji na koyi Hausa, irin wannan haɗuwa ta kalmomi tana burge ni ƙwarai.

Amma sarauniyar sana'o'in ita ce saƙar darduma. Dardumar Ardabil da ke gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan an gama ta a wajen 1539 zuwa 1540, tsawonta ya haura mita 10. A birane irin su Kashan, mai zane ne yake tsara adon a takarda, masaƙa su bi shi ƙulli bayan ƙulli.

Ta makiyaya daban take, kuma a nan nake son mu ɗan tsaya. A lardin Fars, wanda Shiraz ce hedkwatarsa, akwai ƙabilar Kashka'i masu magana da wani karin harshen Turkanci. Maza ne suke aske ulun tumaki su kafa itatuwan saƙa, mata kuma su yi kaɗi da rini da saƙar kanta. Jan launi daga saiwar wani tsiro da suke kira ronas yake fitowa, ruwan ɗorawa daga ɓawon rumman, shuɗi kuwa daga baba, irin wanda marinanmu suka sani. Itacen saƙarsu a kwance yake a ƙasa, ba a tsaye ba kamar na birni, saboda idan ranar tashi ta zo sai a tuge turakun, a naɗe aikin yadda yake, a ɗora wa dabba. Babu takarda, babu zane. Daga ka mace take saƙa abin da ta koya wurin mahaifiyarta da abin da idonta ya gani: akuya, tsuntsu, bishiya, wani lokaci zaki. Shi ya sa da wuya a sami guda biyu iri ɗaya. Idan zaren da aka rina a wani zango ya ƙare, wanda za a rina a gaba ba zai zo daidai da shi ba, sai launin ya ɗan sauya a tsakiyar darduma. Masana suna kiran wannan abrash, kuma maimakon su ɗauke shi aibi, shi suke nema. A 2010 UNESCO ta amince da saƙar Fars da ta Kashan a matsayin gadon al'adun ɗan Adam. Akwai ma wata darduma mai kauri da ake kira gabbe, wadda da ta shimfiɗar gida ce kawai, fim ɗin Mohsen Makhmalbaf na 1996 mai wannan suna ya ƙara fito da ita duniya.

Ƙaurar tasu ba ta bin damina da rani kamar ta makiyayan da muka sani. Hawa da sauka suke yi. Idan sanyi ya wuce sai su hau tsaunukan Zagros inda ciyawa ta fito bayan ƙanƙara ta narke, wurin da suke kira yailak. Kafin sanyi ya dawo sai su gangaro kwari mai ɗumi, wato kishlak. Tafiyar kan kai ɗaruruwan kilomita. Ta ƙabilar Bakhtiyari ta fi wuya. Wasu Amurkawa biyu, Merian Cooper da Ernest Schoedsack, sun bi su sun ɗauki fim mai suna Grass wanda ya fito a 1925, inda aka ga dubban mutane da dabbobi suna ƙetare kogin Karun a kan fatun awaki da aka hura, sannan suna hawan dutsen Zard Kuh cikin ƙanƙara, wasu ba ko takalmi.

Wannan rayuwa ce baƙo yake biyan kuɗi domin ya ɗanɗana. Daga Shiraz akan kai shi ya kwana ɗaya ko biyu a baƙin tanti na gashin akuya, wanda iska ke ratsawa lokacin zafi, idan ruwa ya taɓa shi kuma gashin ya kumbura ya toshe ƙofofin. Zai ci gurasar da aka gasa a kan faifan ƙarfe, ya sha shayi da kindirmo, ya ga saƙa da idonsa.

To sai dai abin da ake zuwa kallon yana ta raguwa. A shekarun 1930 Sarki Reza Shah ya tilasta wa ƙabilu zama wuri ɗaya, dabbobi masu yawa suka mutu. A 1963 gwamnatin ɗansa ta mayar da wuraren kiwo mallakar hukuma. Bayan haka ga fari, ga gonaki da tituna sun cinye burtali. Ƙidayar 2008 ta nuna makiyaya masu ƙaura ba su wuce miliyan 1.2 ba, ƙasa da kashi 2 cikin 100 na jama'ar ƙasar. Da yawa daga cikinsu sun koma ɗora tumaki a manyan motoci, tafiyar makonni ta zama ta yini guda. Kasuwar ma ta girgiza, domin Amurka ta hana shigar da dardumar Iran a 2010, ta buɗe ƙofa a 2016, ta sake rufewa a 2018. Yaƙin da aka gwabza tsakanin Iran da Isra'ila a watan Yunin 2025 ya ƙara sa baƙi ɗari-ɗari.

Ba na cikin masu cewa kuɗin baƙi ɓarna kawai yake yi. A shekarun 1980, son da Turawa suka nuna wa gabbe ne ya sa wasu dillalan Shiraz suka koma ga rinin itatuwa bayan rinin kanti ya mamaye ko'ina. Abin da ke damuna shi ne, dillalin da ya ba mace zare yakan ba ta har da adon da yake so ta fitar, domin ya san abin da ke tafiya a Jamus ko Japan. Mace tana zaune a ƙauye, zarenta duk rinin tukunya ɗaya ne, dardumar ta fito sumul babu sauyin launi. Har akwai masu saka abrash da gangan don su ja hankalin mai saye. Saboda haka gogaggun masu saye sukan juya darduma su duba bayanta, su ga ko layin ƙullin ya ɗan karkace, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, alamar an tuge turaku an sake kafa su a wani zango kafin a gama ta.