Motar tsere da aka ƙera a Jos: me ya sa ba a ganin irinta a Gaya?

Har yanzu hoton wata ƴar gajeriyar mota yana yawo a WhatsApp, ana cewa ɗan Najeriya ne ya ƙera ta. Gaskiya ne. Sunan motar Bennie Purrie, mai ita kuwa Jerry Mallo ne, wani matashin injiniya ɗan jihar Filato, mai kamfanin Bennie a Jos. A watan Nuwamban 2019 ya nuna ta ga jama'a a Abuja. To amma mu nan Gaya, da muka shekara da shekaru muna kallon motocin Kwatano suna haye gadar Malanbil, ko sau ɗaya ba mu ga irinta ba. Ga dalili.

Ita dai motar tsere ta ƙaramin kamfani ba don kasuwa irin tamu ake yin ta ba. Toyota kan ƙera mota wajen miliyan 10 a shekara, don haka kuɗin zane da gwaji da mazubin ƙarfe sai su rarrabu a kan motoci birjik. Shi kuwa ƙaramin kamfani, duk wannan ɗawainiya a kan ƴan motoci kaɗan take sauka. Kamfanin Pagani na Italiya guda 100 kacal ya yi na ainihin motarsa Huayra, kowace ɗaya ta kai kusan yuro miliyan 1, wato wajen sefa miliyan 650. Wannan tun kafin a zo maganar duwan ke nan fa.

Sai batun jiki. An yi bodin Bennie Purrie ne da zaren kabon, wani abu da ake saƙawa kamar tabarma, a shafe shi da ƙaro na musamman, a bar shi ya sandare. Ya fi ƙarfe rashin nauyi nesa ba kusa ba, shi ya sa masu tsere ke son sa. Sai dai ba ya lotsawa, tsagewa yake yi. Ƙarfe in ya lotse, mai bugun bodi ya sa guduma ya miƙe shi kafin la'asar. Shi kuwa wannan, ba guduma ba walda, galibi sai dai a sake ɓangaren ɗungurungum, kuma daga kamfanin da ya yi shi kawai za a samo.

Ga ta kuma ƙasa-ƙasa. Tsakanin cikin irin waɗannan motoci da hanya bai wuce santimita 10 zuwa 12 ba, alhali Hilux ta haura 20. Ku duba hanyar ƙauyenku da damina, ku yi lissafi da kanku. Manya daga cikinsu ma ba sa shan kowane mai, balle ruwa-ruwa na kwalba.

Saboda haka ƴan uwa da ke Turai da Amurka, masu niyyar aiko wa gida mota, kafin ku tambayi gudunta ku tambayi makanikin garinku ko ya san injinta, kuma ko ana samun kayan gyaranta a Doso, Yamai ko Kamba. Corolla ba kyau ta fi su ba, yawa ta fi su: sama da miliyan 50 aka sayar tun 1966, shi ya sa ko ina ka je akwai kayanta. Ga shi da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kaya da dama sai da suka zagayo ta Lome da Burkina Faso, kuɗin kawowa ya ƙaru.

Shi kansa Jerry Mallo bai dogara ga motar tsere ba. Kamfaninsa yana ƙera injinan noma da na sarrafa amfanin gona, kuma a ganinmu wannan ɓangare ne ya fi shafar manoman shinkafa da rake na bakin kogi.