Daga ƙwaryar fura zuwa robar lemo: yadda sukari ke sauya cimar Hausawan Abule Egba

Tun kafin hayaniyar motoci ta cika babbar hanyar Legas zuwa Abeokuta, masu shayi sun riga sun hura wuta a kewayen gadar sama ta Abule Egba. 'Yan dako da masu acaɓa da masu tura ruwa da 'yan gwanjon kasuwar Katangua ne ke cika bencinansu. Kalacin kusan iri ɗaya ne kullum: babban kofin shayi da madara da sukari cokali uku ko huɗu, sai burodin Agege mai laushi, wani lokaci da taliyar leda da ƙwai. Idan rana ta take, robar lemo mai sanyi ce ke raka abincin rana.

Kakannin waɗannan matasa, waɗanda fataucin goro da shanu ya kawo Agege tun bayan da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a farkon ƙarni na 20, da wata cima daban suka zo: tuwon dawa da miyar kuka, koko da ƙosai, fura da nono, kunun tsamiya. Har yau ana samun waɗannan a unguwannin Hausawa na Agege, sai dai abin da ke cikin ƙwaryar ya canja, kuma jiki ne ke biyan kuɗin wannan canji.

Hikimar tsohuwar cimar tana cikin tsaminta. Idan aka jiƙa gero ko dawa ya kwana biyu kafin a niƙa a tace a sami kamu, wasu ƙananan halittu masu amfani suna cinye wani ɓangare na sukarin hatsin su mayar da shi sinadari mai tsami. Haka abin yake a nono da kindirmo. Wannan tsami yana hana ƙwayoyin cuta da dama yaɗuwa, yana kuma rage sinadarin da ke cikin dusar hatsi wanda ke tauye wa hanji tsotsar sinadarin ƙarfe mai gina jini. Daddawa ma da taimakon ƙananan halittu ake samunta daga kalwa, kuma ta daɗe tana ba miya armashi kafin dunƙulen ɗanɗano mai tarin gishiri ya mamaye tukwane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai gram 5.

Inda gizo ke saƙar shi ne sukari. Furar da ake damawa da nono da ɗan yaji a da, yanzu a injin markaɗe ake haɗa ta da yogot mai zaƙi, a ƙara madara da sukari. Kunun zaƙi ya samo sunansa ne daga zaƙin dankalin Hausa ko tsiron hatsi da ake sa masa, amma na robar da ake sayarwa a tasha yawanci farin sukari ne ke ɗauke da shi. Zoɓo, wanda gwaje-gwajen likitoci suka nuna yana ɗan sassauta hawan jini, yakan rasa wannan fa'ida idan aka mayar da shi ruwan alewa.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a yini, wato kimanin gram 50 ko ƙananan cokula 12 ga babba, ta kuma ce rabin hakan ya fi alheri. Robar lemo ta santilita 50 ita kaɗai takan ƙunshi kusan gram 50. Wanda ya sha shayi mai cokali huɗu da safe, ya kora da lemo da rana, ya rufe da kunu da daddare, ya wuce iyaka nesa ba kusa ba, alhali a ganinsa bai taɓa kayan zaƙi ba. Sukarin da ke cikin ruwa yana shiga jini da sauri kuma ba ya ƙosarwa, saboda haka mutum yakan ci abincinsa cikakke a kansa. Shekara da shekaru a haka, sai tumbi da kitsen hanta, sai jiki ya daina jin kiran sinadarin insulin, sai ciwon sukari. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya kimanin miliyan 3.6 ne ke ɗauke da cutar a Najeriya. Ga ɗan ci-rani, wanda jarinsa ƙarfinsa ne, gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa ko ido da ya dushe na nufin yankewar kuɗin da iyali ke jira a Sakkwato ko Katsina.

Ba a ce duk abin gargajiya lafiya ba ne. Nonon da ba a tafasa madararsa ba yana iya ɗauko cutar burusela da tarin fuka na shanu. Kunun aya yana lalacewa cikin sa'o'i a zafin Legas, kuma robobin da aka tsinto aka sake cikawa ba tare da wanki mai kyau ba hanya ce ta zawo da taifot. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar da ke haddasa kansar hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Idan kuma tsimin dawa ya zarce har ya zama burukutu, to barasa ce, da duk illarta ga hanta da hawan jini.

A nan ne batun ya shafi masu aiki a Abuja. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, aka fara karɓa a 2022. Tun daga lokacin farashin lemo ya ninka, harajin kuwa ƙayyadadde ne, don haka nauyinsa a aljihun mai saye ya yi ta raguwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin sai haraji ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100 kafin ya rage sha yadda ya kamata. Bugu da ƙari, harajin bai taɓa kofin mai shayi ko robar kunu ba, inda talaka ke shan mafi yawan sukarinsa. Wannan gurbi sai da wayar da kai ta bakin limamai da sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa, da gwajin jini mai sauƙin kuɗi a ƙananan asibitoci, da horar da masu kunu kan tsabta.

Mai karatu da ke zaune a ofis ma bai tsira ba, domin lemon da ake jerawa a teburin taro shi ne dai na Abule Egba, kuma ɗan dako ya fi shi ƙona abin da ya sha. Gyaran yana iya farawa daga gida: a rage cokali ɗaya a shayi duk mako har harshe ya saba, a dama fura da nonon da aka tafasa madararsa ba tare da sukari ba, a mayar da gero da dawa da acca kan faranti, a bar daddawa ta rage wa dunƙule aiki. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da mai ciwon sukari a danginsa, ya je a auna jininsa da safe kafin ya karya. Idan awon ya kai 126 a gwaji biyu, lokacin ganin likita ya yi.