Littafin Ma'aji Da Hasashen Baɗi

Mai hasashen harkokin kuɗi ba duba yake yi ba. Littattafan lissafin kamfani yake bi dalla-dalla, sa'an nan ya kimanta ribar baɗi, domin masu sayen hannun jari su san inda za su zuba dukiyarsu. To, in kowane kamfani da irin mudun da yake awo da shi, hasashe ya koma caca ke nan.

Saboda haka ne aka tsara ƙa'idojin lissafi na duniya, watau IFRS, waɗanda wata hukuma da ke Landan take kula da su tun 2001. Ƙasashen Tarayyar Turai sun wajabta su a kan kamfanonin kasuwar hannun jari a 2005, Nijeriya kuwa a 2012. Binciken masana a Turai ya nuna kuskuren masu hasashe ya ragu, musamman a ƙasashen da hukuma ke tilasta bin ƙa'ida.

Hukumomin gwamnati ma suna da nasu mudun, watau IPSAS, wanda Gwamnatin Tarayya ta tsara a koma wa cikakkensa daga 2016. A tsohon tsari, ma'aji ba ya rubuta kome sai kuɗin da ya shigo ko ya fita. A sabon kuwa tilas ya rubuta bashin 'yan kwangila, da haƙƙin 'yan fansho, da darajar gine-gine, ko da ba a biya ko kwabo ba.

Wannan magana ta shafi Anka da Gummi da Bukkuyum kai tsaye, tun da a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu hannu da hannu. Duk mai tsara kasafi mai hasashe ne. In littafi ya ɓoye bashi, sai a ɗauki malamai, a fara gina asibiti, shekara ta raba a tarar aljihu wayam.

Mutanen Anka da Bukkuyum sun san ɗacin asarar da ba a lissafa ba. A 2010 gubar dalma daga sarrafa zinariya ta hallaka yara fiye da 400, kuma aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Bagega bai samu ba sai a 2013.

Ya kamata ma'ajai da masu binciken kuɗi da ɗalibanmu su ƙware a wannan ilmi. Ƙa'ida a takarda kaɗai ba ta gyara hasashe, sai an rubuta gaskiya kuma an sami mai dubawa.