Yadda Mota Ke Ɓacewa Daga Allon Mai Ita Alhali Tana Kan Titi

Mu da muke zuwa makaranta ta bakin titin Kano zuwa Gwarzo, wanda ya ratsa Rimin Gado, mun saba ganin manyan motoci, wata ɗauke da taki, wata da siminti, wata da buhunan masara za ta kai Dawanau. Abin da ido ba ya gani shi ne wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda wasu masu motocin ke ɓoyewa a jikinsu. Direbobi na kiranta tiraka. Da ita mai mota ke zama a ofishinsa a Kano yana kallon inda dukiyarsa ta kai.

Tiraka tana da kunne, tana da baki. Da kunnen take sauraron taurarin ɗan Adam na GPS, mallakar Amurka, waɗanda ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa. Kowane tauraro yana aiko saƙon inda yake da lokacin da ya yi magana. Ku tuna lissafin aji: nisa shi ne gudu sau lokaci. Saƙon yana tafiya da gudun haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa zai kauce da mota mita 300. Idan na'urar ta ji taurari huɗu, ta san inda take. Bakin kuma layin waya ne irin na wayoyinmu, da shi take aika wa mai mota labari.

To ina matsalar? Kafin saƙon ya iso daga wannan nisa ya zama raɗa. Kamar a ce wani yana kiranka daga ƙarshen gona, kai kuma kana tsaye kusa da injin niƙa. Na'urar toshe sigina aikin injin niƙan take yi: ana jona ta a wurin cajin waya na mota, sai ta cika wurin da hayaniyar rediyo a kan zangon da GPS ke magana. Tiraka ta kurmance, alamar mota ta tsaya cak a allo, ita kuwa motar tana ta tafiya. Ɓarayin mota na amfani da ita. Haka ma direban da ke son kauce hanya ya zuƙe mai ko ya ɗauki lodin da ba a aike shi ba.

Sai dai ba kowane shiru ne toshewa ba, kuma a nan ake zaluntar direbobi masu gaskiya. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato. Motar da ta shiga irin wannan yanki kunnenta lafiya lau, bakinta ne aka rufe. Tiraka mai kyau tana adana duk inda ta bi, da ta samu sabis sai ta juye labarin gaba ɗaya. Amma idan sabis yana nan, taurari goma da take ji suka ɓace lokaci guda a fili fetal, babu rufi babu gada, to akwai lauje cikin naɗi.

Da wannan bambancin kamfanoni ke kama bakin zaren. Wasu na'urorin suna auna hayaniyar da ke kewaye da su, da ta yi yawa sai su aika saƙon gargaɗi ko su tayar da ƙararrawa. Idan mai toshewar ya haɗa har da layin waya, kwamfutar ofis kan lura cewa motar da ta saba magana duk minti ɗaya ta yi gum, sai a kira direba. Ana kuma kimanta wurin mota daga turakun sabis da take kusa da su, ko a yi lissafi da gudunta da juyawarta tun daga inda aka gan ta ƙarshe. Sababbin na'urori suna sauraron taurarin Rasha da na Tarayyar Turai da na China baya ga na Amurka, kodayake wasu zangunan nasu maƙwabtan juna ne, hayaniya ɗaya kan iya rufe su tare.

Hanyar da ta fi burge mu ba ta buƙatar tauraro ko ɗaya. Daga Kano zuwa Gwarzo nisa sananne ne. A duba kilomitar da ke allon direba kafin ya tashi da bayan ya dawo, a auna man da ya rage. Tayar mota ba ta san an toshe sigina ba, juyawa kawai take tana ƙirgawa.

Hayaniyar ba ta tsayawa a cikin mota ɗaya. Tana shafar wayoyi da motocin da ke kusa, har da motar asibiti. A 2012 wani direba a Amurka ya jona irin wannan na'ura don kada kamfaninsa ya san inda yake, sai ta riƙa dagula na'urar saukar jirage da ake gwadawa a filin jirgin saman Newark. Jami'ai suka bi hayaniyar har suka iske motarsa, a 2013 hukumar sadarwar ƙasar ta sanar da tarar dala 31,875 a kansa.