Hukuncin harhaɗa ƙananan samfuran tsofaffin motocin Amurka

Tambaya

Akwai wani abin sha'awa da ya shahara a Amurka da wasu ƙasashe: mutum ya sayi kwali mai ɗauke da gutsattsarin roba, ya manne su da gam, ya yi musu fenti, har su zama 'yar ƙaramar mota mai kama da motocin Amurka masu ƙarfin inji na shekarun 1960. Shin wannan yana cikin yin surar da aka hana? Kuma ya halatta baligi ya yi, ya jera su a ɗakinsa?

Taƙaitacciyar amsa

Ya halatta, domin mota ba ta da rai. Sai dai ka kula da mutum-mutumin direba, da tambarin dabbobi da ke jikin wasu motocin, da gam ko fenti da ke hana ruwan alwala taɓa fata, da kuma lokaci da dukiyar da abin yake ci.

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Na farko: sanin abin da ake tambaya a kansa

Ka sani, Allah Ya yi maka rahama, ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa. Motocin da ake magana a kansu Amurkawa suna kiransu da wani suna da ke nufin motoci masu ƙwanji. Galibi matsakaita ne masu ƙofa biyu, aka ɗora musu babban inji mai silinda takwas. Mafi yawan masu tarihin motoci suna ɗaukar Pontiac GTO ta 1964, mai inji kusan lita 6.4, a matsayin wadda ta buɗe wannan zamani. Bayanta aka samu Dodge Charger da Plymouth Road Runner, waɗanda ake iya sa musu injin Hemi mai lita 7 da ƙarfin doki 425, da Chevrolet Chevelle SS ta 1970 wadda mafi ƙarfin injinta ya kai ƙarfin doki 450. Ana kuma haɗa Ford Mustang da Chevrolet Camaro a cikin sahun, duk da cewa sun fi ƙanƙanta. Zamanin bai daɗe ba. Tsadar inshora, da dokar tsaftace iska ta 1970, da takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka sa a 1973, su suka kawo ƙarshensa.

Su kuwa ƙananan samfuran, asalinsu talla ne. Kamfanonin motoci suna sa a ƙera musu 'yan motocin roba domin dillalai su nuna wa masu saye. A 1958 kamfanin AMT na jihar Mishigan ya fara sayar da irin waɗannan a warwatse cikin kwali, mai saye ya harhaɗa da kansa, ya zaɓi ko ya gina ta yadda take fitowa daga masana'anta, ko ya ƙawata ta, ko ya mai da ita ta tsere. Kamfanoni irin su MPC da Revell da Monogram da Jo-Han suma sun yi fice a wannan fage. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne ɗaya bisa 25 ko ɗaya bisa 24, wato motar da tsawonta ya kai mita 5 takan koma kusan santimita 20.

Aikin yana tafiya haka: a yanke kowane gutsure daga sandunan robar da ke riƙe da shi, a goge bakinsa da samfefa, a haɗa inji da kafireto da lagireto da salansa, a yi wa kujeru da sitiyari fenti, a fesa wa gangar jiki launi, sannan a jiƙa sitika a ruwa a zame ta a kan motar. Gam ɗin roba yana narkar da fuskokin gutsure biyu ne su zama abu ɗaya, shi ya sa ake kankare ƙyallin bamba da na wili a wurin da za a manne.

Na biyu: asalin hukunci

Asali a al'adu da sana'o'i shi ne halacci, har sai dalili ya zo da hani. Hanin da ya zo game da sura kuwa mai tsanani ne. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa za a azabtar da masu yin sura ranar Alƙiyama, a ce su raya abin da suka ƙera, kuma mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko sura. Amma ka lura da abin da aka ɗora wa mai surar: ya busa rai. Wannan yana nuna cewa abin nufi shi ne surar mai rai, mutum ko dabba ko tsuntsu.

Haka Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya fahimta. Wani mutum da ke ci da sana'ar yin sura ya zo masa da tambaya, ya gaya masa narkon da ya ji daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da ya ga hankalin mutumin ya tashi, sai ya nuna masa mafita: ya riƙa yin bishiyoyi da duk abin da ba shi da rai. Wannan ma yana cikin Bukhari da Muslim. A kan haka malaman mazhabobi huɗu suka tafi, cewa surar bishiya da dutse da gida da jirgi ba ta haramta ba. Saɓanin da aka ruwaito daga Mujahid a kan bishiya mai 'ya'ya ne, kuma bai shafi abin da hannun ɗan Adam ya ƙera ba.

Mota ƙarfe ce da roba da gilashi. Wanda ya kwaikwayi siffarta bai kwaikwayi halittar mai rai ba. Saboda haka babu laifi ka harhaɗa ta, ka ajiye ta a kanta, ka sayar ko ka ba da kyauta, kuma sallarka a ɗakin da take ta inganta. Hukuncinta ɗaya da motar kara ko ta gwangwani da yara suke ƙerawa. Kiranta mai ƙwanji salon magana ne kawai, ba ya sa mata rai.

Na uku: inda mai rai yake shigowa

Wasu kwalayen, musamman na motocin tsere da na fina-finai, suna zuwa da ɗan mutum-mutumin direba. Wannan sura ce mai jiki da inuwa, kuma ita ce malamai suka fi tsanantawa a kanta. Malikiyya, waɗanda suka fi sassauci a kan zanen da ba shi da inuwa, sun haramta mutum-mutumin mai rai idan gaɓoɓinsa sun cika. Mafitar mai sauƙi ce: ka bar shi a kwali, motar ba ta rasa komai ba. In kuma dole sai an sa shi, to a cire kan. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Mala'ika Jibrilu ya ƙi shiga gidan Annabi saboda wani mutum-mutumi, ya ce a yanke kansa ya koma kamar bishiya.

Kada ka kafa hujja da 'yan tsanar Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita. Gaskiya ne ta yi wasa da su a gidan Annabi, har Abu Dawud ya ruwaito cewa a cikinsu akwai doki mai fukafukai. Amma malamai sun ɗauki wannan a matsayin rangwame ga yara a wasansu. Baligin da ya zauna ya zana wa mutum-mutumi ido da baki domin ya jera shi a matsayin ado ba ya cikin wannan rangwame.

Sai tambari. Wasu daga cikin waɗannan motoci an sa musu sunayen dabbobi, kuma surarsu tana jikinsu: doki mai gudu a gaban Mustang, maciji a jikin Shelby GT500, ƙudan zuma a bayan Dodge Super Bee, tsuntsun zanen barkwanci a jikin Road Runner, da babban tsuntsu mai buɗe fukafukai wanda ya kusa cika bonet ɗin Pontiac Trans Am tun daga 1973. A nan akwai bayani daki-daki. Abin da ya ƙanƙanta ƙwarai, kamar dokin Mustang da a wannan ma'auni bai wuce ƙwayar shinkafa ba, al'amarinsa da sauƙi. Hanafiyya sun yi rangwame a kan surar da idan tana ƙasa mai tsaye ba ya rarrabe gaɓoɓinta. Abin da ya fito sarai kuwa, kamar tsuntsun bonet, zane ne marar inuwa: Malikiyya suna ganin karhancinsa, sauran mazhabobi suna hana ɗaukaka shi a matsayin ado. Tunda sitika ce da kai za ka liƙa da hannunka, barinta ya fi kuɓutar da addininka, ko ka shafe kan da ɗigon fenti.

Akwai kuma tambarin da matsalarsa ba rai kaɗai ba ce. Dodge Demon ta 1971 sunanta yana nufin shaiɗani, kuma tana ɗauke da zanen ɗan shaiɗan riƙe da mashi mai baki uku. Ƙungiyoyin addinin Kirista a Amurka sun yi ƙorafi a kai, kamfanin ya sauya mata suna zuwa Dart Sport a 1973. Musulmi ya fi cancanta ya ƙi liƙa wannan. Haka sitikar tallan giya ko taba da ake samu a jikin motocin tsere. Idan aka ce samfurin ba zai yi daidai da tarihi ba, to daidaito da tarihi ba wajibi ba ne a kanka.

Na huɗu: gam da fenti da alwala

Wannan shi ne wurin da aka fi yin sakaci, kuma ya fi tambari hatsari, domin ya shafi ingancin salla. Gam mai saurin kamawa, da fentin mai, da ruwan ƙyalli da ake fesawa a ƙarshe, duk suna bushewa su zama ɓawo a kan yatsa da farce. Ƙa'idar malamai ita ce: abin da yake da jiki, yana hana ruwa isa ga fata, wajibi ne a gusar da shi kafin alwala ko wanka; abin da launi ne kawai ya rage, kamar lalle bayan an wanke, ba ya cutarwa. 'Yar'uwa da ta san hukuncin jan farce ta riga ta san wannan. Muslim ya ruwaito daga Umar ɗan Haɗɗabi cewa wani ya yi alwala ya bar wuri kamar faɗin farce a ƙafarsa, Annabi ya mai da shi ya kyautata alwalarsa.

Don haka ka yi alwala kafin ka zauna aiki, ko ka sa safar hannu ta roba. In abu ya taɓa ka, ruwan ɗumi da sabulu suna sassauta gam, ruwan goge jan farce yana narkar da shi, tina kuma tana cire fentin mai. Ka duba yatsunka a cikin haske kafin ka ɗauki buta. Idan ka yi iyakar ƙoƙarinka ɗan abu kaɗan ya ƙi fita, wasu malamai, cikinsu har da Ibn Taimiyya, sun yi afuwa a kan ɗan kaɗan, kuma Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinta.

Game da sinadarin alkohol da ke cikin wasu fentin da abin tsinka su, ba a yi shi domin sha ba, kuma da yawa daga malaman wannan zamani ba sa ɗaukarsa najasa. Wanda ya bi masu ganin najasarsa sai ya keɓe rigar aiki dabam da ta salla. Tururin gam da tina kuwa yana cutar da ƙwaƙwalwa da huhu, sai ka buɗe taga, ka nisantar da su daga yara. Shaƙarsu da gangan domin maye haramun ne, kamar shaƙar sholisho.

Na biyar: lokaci da dukiya

Halal yana iya zama abin zargi ta hanyar abin da ya kai mutum gare shi. Samfuri ɗaya yakan ci awoyi masu yawa, kuma mai fesa fenti ba ya son tsayawa a tsakiyar shafi. Idan ka ji kiran salla, ajiye buroshi. Fentin da ya lalace ana kankare shi a sake, lokacin salla kuwa ba ya dawowa. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa lafiya da sararin lokaci ni'imomi ne biyu da mutane da yawa suke asara a cikinsu.

Ta fuskar kuɗi, masu wannan sha'awa sun shahara da tara kwalayen da ba su buɗe ba, wasu kuma suna biyan kuɗi mai yawa domin kwalin asali na shekarun 1960. Suratul Isra'i ta hana almubazzaranci, Suratul Furƙan kuma ta yabi bayin da suke tsaka-tsaki wajen ciyarwa. Ma'aunin shi ne halinka: wanda ake binsa bashi, ko iyalinsa ba su samu haƙƙinsu ba, ba shi da hurumin sayen kwali na goma alhali tara suna jiransa.

In kana sayarwa, ka bayyana aibi. Kamfanoni suna sake buga tsofaffin samfura da tsohon zanen kwali. AMT da MPC a yau suna hannun kamfanin Round 2 na jihar Indiyana, wanda yake yin haka. Sayar da sabon bugu da sunan na asali, ko ɓoye cewa gilashi ya fashe ko taya ta ɓata, algus ne, kuma Annabi ya barranta daga mai algus kamar yadda Muslim ya ruwaito.

Idan ka kiyaye waɗannan, abin hutu ne na halal da ke koyar da haƙuri da natsuwa da sanin yadda inji yake aiki. Uban da ya zauna da ɗansa ko 'yarsa suna harhaɗawa, da niyyar kusantar su da shagaltar da su daga abin da ba shi da kyau, muna fatan Allah Ya ba shi lada a kan niyyarsa.

Allah ne Mafi sani.